Darasi na Goma Sha Huɗu: Hoton da Ba a Ganin Mahaɗarsa

Idan kun taɓa yin wasan kwamfuta, kun ga ɗan wasa yana gudu a kan daɓe mai faɗi, ko yana bin jikin dogon bango. Kuna iya zaton wani ne ya zauna ya zana daɓen nan tun daga farko har ƙarshe. Ba haka ba ne. Galibi ƙaramin hoto ne guda ɗaya, mai siffar murabba'i, wanda kwamfuta take jerawa sau ɗaruruwa, kamar yadda magini yake jera tayil a ɗaki. A wannan darasi za mu kira shi hoton shimfiɗa.

Dalilin yin haka shi ne tattali. Kowane hoto a kwamfuta tarin ɗigo ne. Hoto mai ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance yana da ɗigo 262,144. Idan aka jera shi sahu ashirin, kowane sahu guda ashirin, ya fito sau 400, amma guda ɗaya tak na'ura take ajiyewa. Dabarar ta daɗe. A wasan Super Mario Bros. na shekarar 1985, gajimare da ciyayi siffa ɗaya ce, launi kawai aka canja. Kusan kowane tubali na wasan Minecraft kuma ɗigo 16 ne a tsaye, 16 a kwance.

To, ina wahalar take? Tana bakin hoton. Duk abin da ya fita ta gefen dama, dole ya shigo ta gefen hagu a daidai wurin. Abin da ya fita ta sama, ya shigo ta ƙasa. Idan aka kuskure ko da ɗigo biyu ne, ido zai ga layi a kowace mahaɗa, kamar rigar da tela bai daidaita zanen yadinta ba.

Adon ƙananan tayil ya fi sauran sauƙi, domin da ma akwai layin siminti tsakanin tayil da tayil, kuma ana iya ɓoye mahaɗa a cikinsa. Sai dai a nan lissafi yana da ta cewa. Cikin siffofin da gefunansu da kusurwoyinsu suke daidai wa daida, uku ne kaɗai suke rufe fili ba tare da giɓi ba: alwatika, murabba'i da mai kusurwa shida. Kusurwoyin da suka haɗu a wuri ɗaya dole su cika digiri 360. Na alwatika 60 ne sau shida, na murabba'i 90 sau huɗu, na mai kusurwa shida 120 sau uku. Mai kusurwa biyar fa? Kusurwarsa 108 ce. Uku sun ba da 324, saura 36 babu abin cikewa.

Ga yadda masu zane suke gwada aikinsu a manhaja irin su GIMP, wadda kyauta ce. Suna gusar da hoton da rabin tsawonsa da rabin faɗinsa, sai gefuna huɗu su haɗu a tsakiya. Nan mahaɗar take fitowa fili, a gyara ta, sannan a jera hoton a duba daga nesa.

Ɗalibin da yake Jos ba ya rasa abin gwaji. Kusa da gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai wurin adana gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Bangon ƙasa irin wannan, da tabarma, da zanen hula, duk suna iya zama hoton shimfiɗa. Amma ku kula da haske. Idan rana ta haska gefe ɗaya fiye da ɗaya, mahaɗa ba za ta ɓoyu ba. Ranar da hadari ya rufe sama, ko safiyar hazo, ta fi dacewa.

A ganina, babban abokin gaba ba mahaɗa ba ce, maimaici ne. Tayil guda mai tsaga, ko tabo guda a bango, kyau yake ƙara wa hoto ɗaya; amma idan ya fito sau 400 a jere, asiri ya tonu. Shi ya sa gwanaye suke share duk abin da ya cika jan ido, ko su yi hotuna uku ko huɗu masu gefuna iri ɗaya, su cuɗanya su.

Aiki

1. Me ya sa tayil mai kusurwa biyar ba ya rufe fili?
2. Yi amfani da waɗannan kalmomi cikin jimla: daɓe, giɓi, mahaɗa, maimaici.
3. Ku zana ado a takarda mai siffar murabba'i, ku yanka ta biyu, ku sauya wa ɓangarorin wuri. Ku bayyana da Hausa abin da kuka gani a tsakiya.