Shawara Ga Mai Rubuta Wa 'Yan Kurmi Manhaja

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, ake ciniki a Kasuwar Kurmi. Idan za ka rubuta wa masu sayar da fata da turare manhajar lissafin bashi, aikin da zai fi ba ka wuya shi ne zuba bayanai a fayil su kuma dawo yadda ka zuba su.

Fara da kuɗi. Kada ka ajiye naira da ɗigo: a Python, in ka tara 0.1 da 0.2 za ka ga 0.30000000000000004. Mayar da komai kwabo, lamba cikakkiya, ₦2,500 ta zama 250000. Ɗan kasuwa yana yafe jinkiri, amma ba ya yafe lissafin da bai cika ba.

Sai haruffanmu masu ƙugiya. Adana fayil da UTF-8, in ba haka ba "ƙwarya" na iya dawowa da alamar tambaya a gaba. Kundin json na Python kuma, muddin ba ka sa ensure_ascii=False ba, zai rubuta ƙ a matsayin \u0199. Bayanin bai lalace ba, sai dai mai shago ba zai gane shi ba.

Lambar waya rubutu ce, ba adadi ba. Excel yana cinye sifirin 080 idan ya buɗe CSV. Kowane adadi kuma ya tafi da ma'auninsa, yadi ne ko turmi ko mudu.

Fayil ɗin pickle daga hannun baƙo, kada ka buɗe shi, yana iya aiwatar da umarni a kwamfutarka. JSON ya ishe ka.