Darasi: Tattalin Ruwa a Cikin Gida

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu yawancin rijiyoyinmu kan ja baya. Gugan da ke cika nan da nan a watan Oktoba, yanzu sai an ƙara masa igiya, ya fito da rabi, shi ma da laka. Mata da 'yan mata ne ke tashi da asuba su kama layi a bakin famfon tuƙa-tuƙa, ko su je su tona yashi a rafi. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Jarka mai lita 25 kuwa kilo 25 ke nan, wato rabin buhun siminti a kan wuyan yarinya.

Aikin nan daɗaɗɗe ne. Ku tuna da Rifkatu a Farawa sura 24, wadda ta shayar da baran Ibrahim, ta kuma ɗebo wa raƙumansa guda 10. Raƙumi mai ƙishi yana iya shan lita 100 a tsayuwa ɗaya. Ku lissafta sawu nawa ta yi da tulunta! Sau da yawa wanda bai ɗauki tulu ba shi ne ya fi zubar da ruwa. Saboda haka wannan darasi na maigida ne da samari, kamar yadda yake na uwargida.

Ruwa nawa ne ya isa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 20 a yini domin sha, girki, da wanke hannu da fuska. Wanka da wanki sosai suna bukatar fiye da haka. Ko a sansanin 'yan gudun hijira, ƙungiyoyin agaji suna ƙoƙari kada ya gaza lita 15. Gida mai mutum 8 ke nan yana bukatar lita 160, fiye da jarka 6 kowace rana. Gidaje da yawa ba sa samun wannan da rani.

To, in ruwa ya yi ƙaranci, me ake fara ragewa? Ba girki ba, ba kuma ruwan awaki ba. Abin da ake fara dainawa shi ne wanke hannu da wanke wa yara fuska. A nan ne hatsarin yake. Gudawa tana bin hannu mai dauɗa ta shiga abinci. Ciwon idon nan da ake kira amodari, wanda kan kai ga makanta, ƙuda ne ke ɗaukarsa daga fuskar yaro mai kwantsa zuwa ta wani. A shekarar 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, mafi yawansu a jihohin arewa. Ruwan da aka hana hannu, kuɗinsa yakan fita a asibiti. Don haka ruwan sha da na wanke hannu ba a rage su. Za mu nemo ragin a wasu wurare.

Goge haƙora da wanke fuska

Mu fara da safiya. A gidajen da ke da famfo, da makarantun kwana inda 'ya'yanmu ke karatu, za ka ga yaro ya buɗe famfo, ya jiƙa buroshi, ya bar ruwa yana ta zuba har ya gama. Famfo yana iya zubar da lita 6 a minti ɗaya. Minti 2 na goge baki, lita 12 ta tafi, kusan rabin jarka. Alhali kofi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin huɗu na lita, ya isa a jiƙa buroshi, a wanke baki, a kuma ɗauraye buroshin.

A ƙauye ba famfo ne ke cin ruwan ba, buta ce da kwarya. Mutum ya cika babbar buta, ya yi amfani da kaɗan, sauran ya watsar a tsakar gida don kada ya koma da shi. Ku ware wa kowa kofinsa. Masu aikin haƙori ma sun ce bayan an goge da makilin, a tofar kawai, ba sai an yi ta kurkure baki ba, domin maganin da ke cikinsa ya zauna a haƙora. Mai amfani da aswaki kuwa, dama shi kurɓi biyu ya ishe shi.

Kwano ɗaya, hannu goma

Akwai wata al'ada da muke ɗauka tattali ce, amma cuta ce. Kafin cin tuwo a kawo ruwa a kwano ɗaya, babba ya fara tsoma hannu, a bi da bi har kan ƙaramin yaro. Wanda ya zo ƙarshe, da dauɗar kowa ya wanke hannunsa, shi ne kuma mafi raunin jiki. A taron biki da na ikilisiya ma haka muke yi. Ruwan wanke hannu dole ya zuba a kan hannu ya wuce. Wani ya tsiyaya maka da buta, a tara ruwan a baho.

Abin da ya fi wannan shi ne famfon jarka, dabarar da aka fara a Zimbabuwe wajen shekarun 1980 da goran duma. Ga yadda ake yinsa. Ku sami ƙaramar jarka mai lita 5 wadda ba a taɓa zuba maganin ƙwari ko fetur a ciki ba. Ku gasa ƙusa a wuta, ku huda ƙaramin rami a ƙasa da murfin kaɗan. Ku kafa gwafa biyu, ku zura sanda ta hannun jarkar, ku ɗora a kansu. Ku ɗaura igiya a wuyan jarkar, ɗaya bakin igiyar kuma a jikin wata sanda da ke kwance a ƙasa. In aka taka sandar, jarka ta karkata, ruwa ya tsiyayo siriri. Aka ɗaga ƙafa, ya tsaya. Ba wanda ya taɓa jarkar da hannu mai dauɗa. Wanki ɗaya bai kai kofi ba, don haka cika ɗaya yana wanke hannu fiye da sau 20. Ku rataye sabulu da igiya, ku kifa masa gwangwani saboda awaki. In babu sabulu, toka mai tsabta ta fi ruwa zalla. A ƙarƙashi ku haƙa ɗan rami ku cika da tsakuwa. Ɗaya a bakin masai, ɗaya kusa da madafa. Yara suna son taka sandar nan, har sai an hana su wasa da ita.

Ruwa ɗaya, aiki biyu

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan. Ƙasarin gero ko dawa ba a zubarwa, na awaki da tumaki ne. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi, a kai wa zogale ko gwanda. Wajen wanke-wanke, a fara kankare sauran abinci a ba kaji, sannan a yi baho biyu, na sabulu da na ɗauraya. A fara da kofuna, a ƙare da tukwane masu mai. Ruwan ɗaurayar yau da safe shi ne na sabulu da rana. Wajen wanki, fararen kaya ne farko, sannan masu launi, sannan kayan gona. Mai wanka ya yi da moda, ya jiƙa jiki, ya saɓa, sannan ya ɗauraye. Bokiti ɗaya ya isa.

Amma a kula. Ruwan da aka wanke kashin jariri ko kayan mai gudawa da shi, masai kaɗai za a zuba shi. Ruwan omo ba na alayyafo ko latas ba ne. A kai shi gindin babban itace, ko a yayyafa a kwantar da ƙura. Kada ruwan da aka yi aiki da shi ya kwana, yakan yi wari. Kada kuma ya kwanta a bayan gida, domin sauro yana iya girma daga ƙwai har ya tashi cikin kwana 10. A yi ɗan lambatu daga wurin wanka zuwa gindin ayaba.

Ku duba randa da jarkoki. Wurin da kuke shakkar yana yoyo, ku sa kofi a ƙarƙashinsa da dare, da safe za ku ga amsa. A rufe randa, a ɗebi ruwa da moda mai dogon hannu, domin ruwan da yaro ya tsoma hannu a ciki ya tashi daga na sha.

Masu rufin kwano su shirya tun kafin damina. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya tana ba da lita ɗaya. Rufi mai mita 5 da mita 8, in aka yi ruwa na milimita 20, lita 800 ne ya sauka a kansa. Ko an yi asarar wani, zai cika duro 3 masu lita 200. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube, sannan a tara, a rufe duron sosai.

Aikin wannan mako

A taron zumuntar mata da na maza, kowane gida ya ƙirga jarka nawa ke shiga a yini har kwana 7, ya kuma rubuta wa ya ɗebo. Ku raba da yawan mutanen gidan. Kun kai lita 20? Wane aiki ne ya fi cin ruwa? Matasa su haɗa famfon jarka ɗaya a harabar majami'a kafin Lahadi mai zuwa, domin kowa ya gwada, ya ga tsawon igiyar da girman ramin kafin ya je ya yi nasa.