Yadda Ake Gano Kuɗin Kayan Masana'anta Bayan Littattafan Lissafi Sun Salwanta

Idan gobara ko ambaliya ta afka wa masana'anta, sau da yawa takan haɗa da littattafan lissafi. Kamfanin inshora kuwa ba ya biyan diyya sai da hujja, hukumar haraji kuma tana da ikon yanka wa kamfani haraji bisa nata ƙiyasi idan bai kawo lissafi ba. Saboda haka wajibi ne mai masana'anta ya san hanyar da akantoci ke bi su sāke gina lissafin daga abin da ya rage.

Kayan masana'anta iri uku ne: ɗanyen kaya, da kayan da ke kan aiki, da kayan da aka gama. Ƙa'idarsu duka ɗaya ce. Abin da aka shiga shekara da shi, a tara da abin da ya shigo, a ɗebe abin da ya fita, saura shi ne abin da ke hannu. Wanda ya san uku daga cikin huɗun nan zai fitar da na huɗun.

Kowane ciniki yana da shaida a wuri biyu. Masu sayar wa masana'anta da kaya suna da kwafin takardunsu, banki yana da bayanin kuɗin da ya shiga da wanda ya fita, mai binciken lissafi kuma yana da rahoton bara.

Ga misali. A ce ɗakin aiki na wata masana'antar sabulu ya ƙone tare da ofis, amma sito ya tsira.

Mataki na ɗaya. Bayanin banki da takardun masu saye sun nuna cinikin naira miliyan 50. Ribar da aka saba samu a kan kaya kashi 30 ce cikin 100, watau kayan da aka sayar sun ci miliyan 35.

Mataki na biyu. An shiga shekara da gamammen sabulu na miliyan 6, an kuma ƙirga na miliyan 4 a sito. A tara 35 da 4, a ɗebe 6: sabulun da aka gama bana ya ci miliyan 33.

Mataki na uku. An shiga shekara da manja da soda na miliyan 5, an sayo na miliyan 20, na miliyan 3 ya rage. An yi aiki da na miliyan 22 ke nan. Albashin ma'aikata miliyan 8 ne. Hidimar lantarki da man inji da gyara, wadda ta saba kai rabin albashi, miliyan 4. Jimla miliyan 34.

Mataki na huɗu. A tara miliyan 34 da kayan da ke kan aiki na farkon shekara, miliyan 2, a ɗebe miliyan 33. Abin da wuta ta ci na naira miliyan 3 ne.

Abin lura shi ne, lissafin nan duka ya dogara ga ma'aunin riba. Idan farashi ya sauya ƙwarai, kamar yadda ya faru a 2023 bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira, ribar bara ba za ta yi daidai da ta bana ba, sai a gyara ta da farashin watannin baya-bayan nan. Ƙara kuɗi da gangan don a yaudari kamfanin inshora kuwa zamba ce, doka na hukunta mai yin ta.

Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani ya adana littattafan lissafinsa har shekara 6. Ana shawartar masu masana'antu su riƙa ƙirga kayansu a kai a kai, su ajiye kwafin takardunsu a wani gini dabam ko a ma'ajiyar intanet, su kuma nemi ƙwararren akanta tun kafin su cika takardar neman diyya.