Darasin Juma'a: Nauyin Mai Juna Biyu da Haƙƙin da Ke Kan Maigida

 

'Yan uwa, darasin wannan mako ya shafi iyayenmu mata, amma da magidanta za mu fara. Dalili kuwa, a zamanmu na nan Legas maigida ne ke riƙe da cefane, shi ke ba da kuɗin mota, shi ke ba da izinin fita asibiti. A gida Arewa, idan mace ta samu ciki akwai uwa, akwai uwar miji, akwai gwaggo da inna masu lura da ita. A nan kuwa, Alhaji ya fita Mile 12 ko Agege tun asuba, sai bayan isha zai dawo, ita kaɗai ce a ɗaki. To idan kai ba ka san abin da ya kamata ba, wa zai sani?

Maganar ita ce: kilo nawa ya kamata mai ciki ta ƙara daga farko zuwa haihuwa, kuma me ke faruwa idan ya gaza ko ya zarce?

Ina nauyin yake tafiya?

Wasu na ɗauka duk abin da mai ciki ta ƙara ƙiba ce. Ba haka ba ne. Jariri lafiyayye yakan kai kilo 3 zuwa 3 da rabi. Mabiyiya ta haura rabin kilo. Ruwan da yaro ke ciki kusan kilo 1 ne, ita kanta mahaifa takan ƙara kusan kilo 1. Jinin jikin uwa yana ƙaruwa da wajen kilo 1 da rabi, nono ya cika, ruwan jiki ya ƙaru. Sauran kilo 3 zuwa 4 kitse ne da jiki ke tanada saboda shayarwa. Ku haɗa lissafin da kanku, ai ku 'yan kasuwa ne: abin zai kai wajen kilo 12. Ke nan wadda ta ƙara kilo 3 kacal a wata tara, daga jikinta aka ciro sauran, ko kuma yaron ne bai samu rabonsa ba.

Kowace da ma'auninta

Ba kilo ɗaya aka yanka wa kowa ba. Ana duba yadda jikin mace yake kafin ciki, da wani lissafi da asibiti ke kira BMI. Tsawonta a mita za a ninka da kansa, sai a raba nauyinta da abin da ya fito. Misali, mai tsawon mita 1.6, idan an ninka ya zama 2.56. In nauyinta kilo 55 ne, a raba da 2.56, ya ba da 21 da rabi.

Ma'aunin da likitoci suka fi aiki da shi ya fito ne daga wata cibiyar nazarin lafiya ta Amurka a shekarar 2009. Ga shi:

Siririya, wadda lissafinta bai kai 18.5 ba: ta ƙara kilo 12 da rabi zuwa 18.
Matsakaiciya, 18.5 zuwa 24.9: kilo 11 da rabi zuwa 16.
Mai jiki, 25 zuwa 29.9: kilo 7 zuwa 11 da rabi.
Mai ƙiba sosai, 30 zuwa sama: kilo 5 zuwa 9.

Don sauƙaƙawa, mace mai tsawon mita 1.6 da ba ta kai kilo 47 ba tana sahun farko. Daga 47 zuwa 63 tana na biyu, daga 64 zuwa 76 na uku, daga 77 zuwa sama na huɗu. Mai ɗauke da tagwaye ita lissafinta daban ne: in matsakaiciya ce, kilo 17 zuwa 25. Ku lura fa, ko mai ƙiba sosai ba a ce ta rage ba, an ce ne ta ƙara kaɗan. Lokacin ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne.

Kuma ba a dare ɗaya ake ƙarawa ba. A wata ukun farko, lokacin laulayi, rabin kilo zuwa kilo 2 ya isa. Daga wata na huɗu, matsakaiciya takan ƙara kusan rabin kilo a mako, wato wajen kilo 2 a wata.

Idan ya gaza

Akwai maganar da ke yawo a cikin gidajenmu, wai mai ciki ta rage cin abinci don kada yaro ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wasu har ƙwai suke hana ta. 'Yan uwa, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Jaririn da aka haifa ƙasa da kilo 2 da rabi, ko bakwaini, shi ya fi saurin kamuwa da sanyi da ciwo, shi ya fi kasa kama nono, shi ya fi shiga haɗari a watansa na farko. Uwar da ta shiga naƙuda da yunwa da ƙarancin jini kuma, zubar jinin da wata za ta jure, ita yana iya kai ta kushewa. Allah Ya kiyaye.

Ba rowar abinci kaɗai ke hana ƙarin nauyi ba. Zazzaɓin cizon sauro yana cin jinin uwa, yana taruwa a mabiyiya ya tauye abincin yaro, wani lokaci ma ba tare da jiki ya yi zafi ba. Kun san yadda sauro yake a garin nan. Aikin wahala shi ma yana ci: ɗibar ruwa a hau bene da shi, wankin gida duka, ga goyo a baya. Yarinyar da ta samu ciki tana ƙasa da shekara 18 kuwa, jikinta bai gama girma ba, ita da yaron ke rabon abincin, don haka ta fi kowa buƙatar kulawa.

Idan ya zarce

Ɗaya ɓangaren shi ne na masu cewa "ai na mutum biyu take ci". A wata ukun farko jiki ba ya buƙatar ƙarin abinci ma, inganci yake nema. A wata ukun tsakiya ƙarin kalori 340 ne a rana, a na ƙarshe 450. Kalori 340 ɗin nan kusan kofi ɗaya ne na dafaffen wake da ƙwai ɗaya da lemo ɗaya. Ƙara ayaba ɗaya, ka kusa 450. Shi ke nan fa, ba kwano biyu na tuwo ba.

Abin da ya fi jawo ƙibar banza a nan shi ne abincin sauri: biredin Agege da shayi mai kauri, Indomie safe da dare, lemon kwalba, cincin da fanke. Babbar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi 10. Ciki ya cika, nauyi ya hau, amma jini bai ƙaru ba. Ƙarin da ya wuce kima yana tafiya da ciwon suga na masu ciki da hawan jini. Yaro yana iya kaiwa kilo 4 ko fiye, kafaɗa ta maƙale a wajen haihuwa, ko a ƙare da tiyata. Ƙibar kuma ba ta cika sauka bayan suna ba.

Maganin ƙiba da ake sayarwa a kemis da kan tire, irin wanda ake kira sha-ka-fashe, mai ciki ta nisance shi. Haka agbo na maƙwabta da jiƙe-jiƙen maganin zaƙi da ba a san abin da ke ciki ba. Duk abin da za ta sha, a nuna wa ma'aikaciyar asibiti tukuna.

Kumburin da ba ƙiba ba

Wannan a riƙe shi da kyau. Idan ciki ya haura wata biyar, sai nauyi ya yi tsalle, kilo 2 a mako ɗaya, fuska da hannu suka kumbura, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai mai tsanani, ko ido yana ganin hazo, ko ciwo a saman ciki, to ba daɗin cefane ba ne. Ruwa ne, kuma alamar hawan jinin ciki ce, wanda ke kaiwa ga jijjiga. In awon jini ya kai 140 bisa 90, akwai magana. Ranar za a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Kada a ce a jira Alhaji ya rufe shago. Maigida, ka ba da izinin wannan fitar tun yanzu, ka ajiye kuɗin mota a ɗaki, ka kuma gaya wa maƙwabcin da ka amince da shi.

Me za a sa a cefane?

Alhamdu lillahi, da yawa daga cikinmu abincin ma muke sayarwa. Wake, gyaɗa, waken suya da awara, ƙwai dafaffe sosai, kifi, nama gwargwadon hali. Ganye kullum: zogale, alayyafo, kuka, da ugu da ewedu na mutanen nan, wanda shi ne lalo a wajenmu. Gero da dawa sun fi garin rogo amfani, don haka kunun gyaɗa da fura su riƙa shiga tsakani, a tabbatar madarar nonon an tafasa ta. Lemo, gwanda, kankana, gwaiba. Mai laulayi ta ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana, kada ta bar cikinta wayam. Shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarin jini, saboda haka a raba shi da lokacin abinci, goro ma a rage. Tafiyar ƙafa ta minti 30 a rana tana da amfani in likita bai hana ba.

Awon ciki

Ba wanda ke sayen kaya ba tare da sikeli ba, to yaya za a san nauyin mai ciki da ido? Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je awo sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Mun san akwai kunya, musamman a cikin fari, har a kai wata shida ana ɓoyewa. Kunya ado ce, amma ba a wannan wurin ba, domin awon farko shi ne tushen duk lissafin da ya biyo baya. A can za a ba ta ƙwayar ƙarin jini da folik asid ta kullum, da maganin rigakafin zazzaɓi irin Fansidar daga wata na huɗu, aƙalla sau uku. Ta riƙa kwana a gidan sauro. Kai kuma ka karɓi katin ka duba kilon da aka rubuta, ka gwada da na watan jiya.

Masu tura iyali gida goyon ciki, ku nemi shawarar asibiti kafin a hau doguwar hanyar nan, kada a bari sai wata ya tsaya. A tafi da katin awo, kuma a ci gaba da awon a can.

Ta fuskar addini

Ciyar da mata da kula da lafiyarta wajibi ne a kan miji, ba alfarma ba ce. Game da azumi, mai cikin da ta ji tsoron cutuwa ga kanta ko ga abin da ke cikinta, shari'a ta ba ta rangwame ta sha. A mashahurin zance na mazhabar Malikiyya, ramuwa ce kawai a kanta. Wadda nauyinta ya tsaya, ko take da ƙarancin jini ko ciwon suga, ta ji ta bakin likita, sannan a tambayi Malam. Azumin nafila na Litinin da Alhamis kuwa, ba laifi ta ɗage shi sai ta sauka.

Don Allah kada a bar takardar nan a shago ko a naɗe tsire da ita. A kai gida, a karanta wa wadda ba ta iya karatun boko ba, a miƙa wa malaman Islamiyyar mata.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya mana zuri'a a kan sunna, Ya buɗa mana kasuwa, Ya ji ƙan iyayenmu. Amin summa amin.

Daga ofishin Sakataren Masallaci