Kyaftin Ya Kwana Biyu: A Ajiye Shi ko a Sauya Masa Aiki?

Wani mai horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasa a Madadi, cikin ƙaramar hukumar Gwarzo, ya aiko da tambayar da ya ce ta hana shi sukuni. Kyaftin ɗinsu ya doshi shekara 40. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ke sayen ƙwallo idan ta fashe, kuma a zamaninsa ana tasowa daga Getso da Lakwaya don a kalli ƙafarsa. Yanzu gudu ya ragu. Yara suna gunaguni a bayan ido cewa ta ɓangarensa ake cin su, amma babu mai iya ɗaga ido ya faɗa masa. A gidan kallo kuma, in ji kocin, samarin sun mai da gardamar ta koma kan ɗan ƙwallon kwando LeBron James: wai ko shi ma ya zame wa ƙungiyar da yake bugawa kaya? Tambayarsa dai ita ce, ya ajiye Kyaftin a benci ko ya ci gaba da haƙuri?

Malam koci, amsata ita ce kada ka yi ko ɗaya tukuna. Shekarun ɗan wasa ba su ke riƙe ƙungiya ba. Abin da ke riƙe ta shi ne jiki ya sauya amma aikin da aka ɗora wa mutum bai sauya ba: mintocinsa na nan yadda suke shekara goma da suka wuce, kowace ƙwallo sai ta bi ta ƙafarsa, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Tunda yaranka sun ɗauko misali daga ƙwallon kwando, bari mu tsaya a can, domin babu wasan da ke fallasa wannan matsala kamarsa. Mutum biyar ne kacal a fili, kowa yana kai hari kowa yana tsaro, kuma daƙiƙa 24 ake ba ƙungiya ta yi jifa. Wanda ya makara da taku biyu wajen komowa baya, nan take allo zai nuna.

Ka ɗauki Kobe Bryant. A watan Afrilun 2013 jijiyar agararsa ta tsinke. A Nuwamban shekarar Lakers ta sabunta masa yarjejeniyar shekara biyu kan dala miliyan 48.5, alhali bai ma dawo fili ba. A kakarsa ta ƙarshe, 2015 zuwa 2016, yana da shekara 37, shi ne ya fi kowa jifa a ƙungiyar, amma cikin jifa ɗari kusan 36 ne ke shiga. Lakers ta ci wasa 17 ta sha kashi 65, sakamako mafi muni a tarihinta. A wannan kakar akwai matasa irin su D'Angelo Russell da Julius Randle waɗanda ya kamata a ce hannunsu na gogewa, sai ga shi an shafe watanni ana rakiyar ban-kwana. Gaskiya ne ya ci maki 60 a darensa na ƙarshe, kuma duk mai son wasan ya ji daɗin wannan dare. Amma ni ba na ɗora wa Kobe laifin kakar. Mutum ne da bai san wani salo ba sai wanda ya kai shi inda ya kai. Shugabannin da suka bar masa tsohon aikinsa su ya kamata a tambaya.

To ga Tim Duncan na San Antonio. A 2012 ya yarda aka rage albashinsa da kusan rabi don a samu kuɗin riƙe sauran 'yan wasa. Kocinsa Gregg Popovich ya dinga auna masa mintoci, wani lokaci ya hutar da shi wasa sukutum. A kakar da ta ƙare a 2014 babu ɗan wasan ƙungiyar ko ɗaya da ya kai minti 30 a matsakaicin wasa, cikin minti 48. Suka doke Miami a wasannin ƙarshe, Duncan na da shekara 38, kuma wanda aka zaɓa gwarzon waɗannan wasanni yaro ne ɗan shekara 22, Kawhi Leonard. Shekarun Kobe da na Duncan kusan ɗaya ne. Abin da aka nemi kowannensu ya yi ne ya bambanta. Haka ma a gida: lokacin da Najeriya ta ɗauki kofin ƙwallon kwando na Afirka na maza karon farko a Tunisiya a 2015, ta doke Angola, kyaftin ɗin tawagar Olumide Oyedeji ne, tsohon hannu mai shekara 34, amma Chamberlain Oguchi aka bai wa kyautar gwarzon gasar. Kyaftin bai zama dole ya fi kowa cin maki ba kafin a ga amfaninsa.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Duk wanda ya taɓa zama a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya san Rabi'u Ali, wanda magoya bayan Kano Pillars, wato Sai Masu Gida, ke kira Pele. Da shi Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, da shi ta ɗauki kofin ƙalubale a 2019, kuma ya haura shekara 40 yana ci mata ƙwallaye. An sha cewa ya isa haka. Amma ka lura da shi a fili. Ba ya tseren banza da yara 'yan shekara 20. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya waiga ya san inda kowa yake, ya taɓa sau ɗaya ko biyu ya sake ta, sannan ya jira bugun tazara ko fenareti, inda shekaru ba sa rage komai. Da Pillars ta faɗa rukuni na biyu a 2022, har da cire mata maki saboda hargitsi a cikin dalilan, ba shekarun mutum ɗaya ba. Ina kawo wannan ne don ka sani cewa idan ƙungiya ta shiga mawuyacin hali, mai furfura shi ne mafi sauƙin nunawa da yatsa, ko da ɓarakar tana wani wuri.

Saboda haka abu na farko shi ne ka daina dogaro da hirar majalisa, ka nemo shaida. A ƙwallon kwando akwai wani lissafi mai sauƙi: ana duba maki nawa ƙungiya ta ci, nawa aka ci ta, a mintocin da wane yake cikin fili, sannan a kwatanta da lokacin da yake benci. Kai ma kana iya yin irinsa da littafin rubutu na makaranta. Ka samu yaro mai natsuwa wanda ba ya cikin masu gunaguni, ka zaunar da shi a bakin fili na wasa biyar ko shida. Ya rubuta sau nawa Kyaftin ya rasa ƙwallo, sau nawa ya ba da wadda ta buɗe hanya, ta wane ɓangare aka shigo aka ci ku, kuma a minti na nawa ya fara tsayawa yana riƙe ƙugu idan an ƙwace ƙwallo. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muhimmanci. Idan akwai waya mai ɗaukar bidiyo, a hau wani tudu ko katanga a ɗauki filin gaba ɗaya, kada a bi ƙwallo kawai. Kuma a yi wa mutum uku ko huɗu wannan lissafi tare, har da masu bakin, don kada ya zama farautar mutum ɗaya.

Abin da ka fi yiwuwar gani shi ne wannan. Bayan shekara 30, abin da ke fara raguwa shi ne zabura ta farko, tsalle, da saurin juyawa. Sai kuma murmurewa: yaro ya buga yau ya buga gobe, babba kuwa sai ya kwana biyu gwiwa da ƙugu na yi masa magana, musamman a filayenmu na rani da suka bushe ƙamas. Abin da ke daɗewa shi ne ido, taɓa ƙwallo, da sanin lokacin da za a sassauta wasa. Shi ya sa sau da yawa littafin zai nuna maka mutum biyu a riga ɗaya: gwani na minti 50 na farko, da wani gajiyayye na sauran lokacin wanda yara biyu ke barin wurarensu don su rufe masa. Idan haka ne, ba ajiye shi za ka yi ba. Ka ciro shi daga gefe inda ake tsere, ka dawo da shi tsakiya a gaban masu tsaron baya, ka sa masa yaro mai huhu a kusa. Ya buga minti 50 ɗin ya fito, ko ya shigo a rabin awan ƙarshe lokacin da abokan hamayya sun gaji, kuma ana buƙatar mai kwantar da hankali. A gasar da ake bugawa a jere, irin ta hutun Sallah, ya huta wasa ɗaya cikin uku. Kambun kyaftin ya zauna a hannunsa. Bugun tazara kuwa a fara raba shi, na dama nasa, na hagu na wani yaro da shi da kansa zai zaɓa ya koya masa.

Yanzu sai mai wuyar, wato maganar. Na san abin da ke ɗaure maka harshe. Mutumin ya girme ka ko sa'anka ne, Yaya kake ce masa, wataƙila ma akwai surukuta, kuma a garinmu yaro ba ya cewa babba ƙarfinka ya ƙare. Wannan kunya abu ne mai kyau, kada ka yar da ita, ka yi aiki da ita. Kada ka canza shi ba zato a gaban 'yan kallo, a ɗaga lambarsa mutanen gari na ihu. Kada ka rubuta a zauren WhatsApp na ƙungiya. Ka same shi a gida bayan sallar isha'i, in da hali tare da wani amininsa da suka buga tare, wanda ya riga ya ajiye takalmi. Ku gaisa sosai. Sannan ka buɗe littafin ka nuna masa, ka fara da shafin da ya yi fice. Kana iya cewa: "Yaya, ga abin da muka gani. Muna son ka ƙara mana shekara biyu ko uku, ba wata shida ba, amma ba za mu samu haka ba in muna ƙona ka minti 90 kowane mako. Yaya kake ganin za mu yi?" Ka bar shi ya yi magana har ya gama. Yawancin tsofaffin 'yan wasa sun riga kowa sanin abin da jikinsu ke faɗa musu. Abin da suke tsoro shi ne ranar da za su zo fili ba wanda ya matsa musu wurin zama. Ga wanda ƙwallo ce sana'arsa kuma, akwai tsoron abin kaiwa gida, domin ɗan wasa a ƙasar nan ba shi da fansho.

Akwai kuma maganar aljihu, kuma kada ka tsallake ta. Muddin Kyaftin ne ke sayen ƙwallo da riguna da biyan kuɗin mota zuwa Garo ko Kabo, to kai koci ne a suna kawai, kuma shi ma an ɗora masa nauyin da bai kamata ba. Ku kafa karo-karo na mako, komai ƙanƙantarsa, ku naɗa ma'aji wanda ba ɗan wasa ba. Gudummawar Kyaftin ta shiga asusu kamar ta kowa, a gode masa a bainar jama'a. Daga ranar nan zaɓen 'yan wasa ya rabu da wanda ya biya.

Idan ya ƙi fa? Ka ba shi lokaci, ka koma karo na biyu. In ya dage sai minti 90 ko ba komai, to ka zaɓi ƙungiya, ka sanar da shi da bakinka kafin ranar wasa. Asarar da jinkiri ke jawowa ba a ganinta a sakamakon mako ɗaya. Yaron da ya shekara biyu a benci a bayan Kyaftin ba zai yi rigima ba, kawai za ka ji ya tafi Kano neman kuɗi, ko ya ja abokansa huɗu sun kafa wata ƙungiya a unguwar gaba. Haka ƙungiyoyin ƙauye ke mutuwa, ba da shan kashi ba.

In kuwa littafin ya nuna Kyaftin ba shi ne matsalar ba, to nauyin ya juyo kanka ta wata fuskar. Ka tara yaran ka karanta musu alƙaluman, har da nasu. Sau da yawa wanda ya fi kowa cewa tsoho ya ba mu wuri shi ne mai zuwa atisaye a makare, wanda ba ya komowa tsaro. Wuri a fili ba gado ba ne da ake rabawa bisa shekaru, ko ta sama ko ta ƙasa.

Abu biyu da za ka roƙi Kyaftin ko yaya maganar ta kaya. Na ɗaya, ya je babban asibitin Gwarzo a auna masa hawan jini a saurari zuciyarsa kafin gasa ta gaba, kuma in ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na sarƙewa a fili, ya tsaya nan take har likita ya duba shi. Na biyu, ya fara riƙe atisayen yara 'yan ƙasa da shekara 15 rana ɗaya a mako tun yanzu, yana kan bugawa, ya kuma bincika kwas ɗin koci ko na alƙalanci ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha. Ahmed Musa ya dawo Pillars a 2024 yana bugawa, a 2025 aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Madadi ba ta da irin wannan kujera, amma tana da yara masu buga ƙwallo ba takalmi bayan la'asar waɗanda ba su da mai nuna musu yadda ake tare ƙwallo da cikin ƙafa. Ka ba shi usur da ƙwallo biyu, ka sa masa rana.