Rajistar Mamata da Ƙididdigar Lokacin Annoba

Mu da muke aikin tattara alƙaluma mun san cewa ƙididdigar da za ta yi amfani a lokacin annoba, tun ana zaman lafiya ake aza harsashinta. Da aka kulle Legas da Ogun da Abuja saboda annobar korona a ƙarshen watan Maris na 2020, ma'aikatan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ba su da halin bi gida-gida. Duk da haka, a watan Afrilu suka fara bincike ta wayar tarho tare da Bankin Duniya, suka zanta da gidaje 1,950. Abin ya yiwu ne don an riga an ziyarci waɗannan gidaje a wani bincike na 2018 zuwa 2019, an san sana'arsu da cinsu, an kuma ajiye lambobinsu. Saboda haka da kashi 42 cikin ɗari na masu aiki suka ce korona ta tsayar musu da nema, akwai abin da za a gwada maganarsu da shi.

A wannan watan na Afrilu ne kuma masu haƙar kabari a Kano suka fara kokawa da yawan gawarwakin da ake kawowa. Nan aka rasa ma'auni, domin babu cikakkiyar rajistar da za ta nuna mutum nawa ke rasuwa a birnin a Afrilun da ba annoba. Sai da aka bi iyalan mamata ana tambayarsu alamomin ciwon da ya yi ajalin nasu, kafin Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya sanar a watan Yuni cewa mutum 979 ne suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. Wannan jinkiri ya yi mana tsada, don a makonnin da ake gardama ko zafi ne ko zazzaɓi, dattawa na ci gaba da cuɗanya a wuraren jana'iza.

Za a ce addini ya umarci gaggauta binne mamaci, ina lokacin cike takarda? Ai rajista ba ta tsare gawa. Bayan an yi sutura, mai unguwa da liman da mai kula da maƙabarta duk sun san wanda ya rasu da shekarunsa. Abin da ya rage kawai a kai wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wani kuma zai ce binciken tarho bai kai ga talakan ƙauye da matar da ba ta da waya ba. Gaskiya ne, kuma giɓi ne da ke damunmu ƙwarai. Sai dai tsohon binciken da ya shiga gidajen marasa waya shi ya ba da damar daidaita lissafin gwargwadon hali. Mace-macen Kano kuwa ba su da irin wannan tsohon kundi, kuma ƙidayar jama'a ta ƙarshe da za a jingina da ita ta 2006 ce.