Kafin a ɗora shi a motar kudu

Wani kili ne dogo mai faɗin ƙirji, irin waɗanda ake shigowa da su ta Cadi. Ranar da aka fara kirana a kansa saura kwana uku a yi sukuwa, ga ƙafarsa ta gaba ta hagu ta kumbura ta bayan ƙwauri. Na shafa wurin na ji zafi rau, na ɗan matsa ya fizge ƙafar. Na ce wa mai shi, "Alhaji, jijiya ce ta taɓu, wannan dokin ya gama gudun bana." Ya yi dariya ya ce, "Haba likita, allura kawai za ka yi masa ya taka, ai an riga an rubuta sunansa." Na ƙi. Ashe ina fita aka samo wanda zai yi. Dokin ya yi gudu, har na biyu ya zo.

Bayan wata biyar na je duba shanu a wata kasuwar kan iyaka, sai na hango shi ɗaure cikin dawakin da ke jiran babbar mota. Da tabon goshinsa na gane shi, don haƙarƙarinsa ya fito ana iya ƙirgawa, ƙafar kuma ta sha lalas har ta koma kamar taɓarya. Dillalin da ke zagaya shi bai tambayi kofi nawa ya ci ba, nama yake aunawa da ido.

Mu nan ba mu cin naman doki, shi ya sa da yawanmu ba su taɓa tambayar inda gurgun doki yake ƙarewa ba. Kudu ake kai su. Kasuwar Obollo-Afor a jihar Enugu ta yi suna da cinikin dawakin yanka, kuma galibinsu daga arewa suke zuwa. Yankan ma bai kai tafiyar muni ba a wurina. Ana cusa su a mota, ingarma kusa da goɗiya, mai karaya kusa da mai harbi, a kwana a hanya ba ruwa. Dabbar da ke shan bokiti biyu zuwa uku a rana tana zaune a inuwa, ita ce za ta wuni a rana cikin ƙarfe. Wanda ya faɗi, sauran su tattake shi.

Turawa ma sun sha wannan kunyar. Ferdinand, dokin da ya ci Kentucky Derby a 1986, aka zaɓe shi gwarzon dokin Amurka a 1987, an sayar da shi Japan don barbara, da bai yi kasuwa ba sai labari ya fito cewa a mayanka ya ƙare a 2002. Abin ya girgiza masu dawaki har wasu suka fara sa sharaɗi a takardar ciniki: in mai saye ya gaji da dokin, sai ya fara tuntuɓar wanda ya sayar masa. A Amurka an rufe mayankar dawaki ta ƙarshe a 2007, amma motoci suka ci gaba da tsallakawa da su Kanada da Meziko. Rufe mayanka bai hana doki gurguncewa ba, kuma a nan nake so masu barga su tsaya.

Abin da aikina ya koya mini shi ne, ranar da aka yi wa doki allurar kashe zafi aka hau shi, ranar aka fara ɗora shi a mota. Zafi shi ne bakin doki. Da shi yake cewa a dakata. In aka rufe masa baki da magunguna irin su bute ko dexa ko tramol, zai zuba nauyinsa duka a kan jijiyar da ta fara tsagewa, ga mahayi, ga ƙaimi, ga ƙasa ta bushe ƙam da rani. Tsagewar da ta kai ƙwayar gero sai ta zama tsinkewa. Jijiyar doki kuwa ba ta da jini da yawa, shi ya sa take da nawar warkewa: wata tara zuwa shekara guda, kuma naman da ke cike gurbin bai kai na asali ƙwari ba. Lalas ba ya ɗinke jijiya. Ƙuna ce a kan ciwo, in ma an ga sauƙi, hutun dole da ƙunar ta jawo ne ya yi aikin.

Sai hawan dukushi. Ana ganin ya yi tsawo a ce ya isa, alhali ƙasusuwan gadon bayansa ba sa gama ƙwari sai ya kai shekara biyar zuwa shida. Dokin da Allah ya ba shekara 25 zuwa 30 sai a cinye shi kafin ya kai takwas.

Akwai kuma haƙƙin wanda zai ci naman. Bute magani ne da aka hana ba dabbar da za a ci, domin yana iya lalata ɓargon ɗan Adam. Da aka gano naman doki a cikin kayan da aka rubuta naman sa a Turai a 2013, shi ne maganin da hukumomi suka fi nema a gwaji. Dokin da muka ɗura wa allura wata da watanni, ba mai takardarsa in ya isa mahauta.

Abin da ke ceton doki ba shi da tsada. Yaron barga ya shafa ƙafafu huɗun nan kowace safiya kafin kilisa, ya kwatanta hagu da dama. In ya ji zafi ko kumburi, a sauke sirdi, a zuba ruwan sanyi minti 20 safe da yamma, a kira likita tun ranar. Yaran nan su ne suka fi kowa sanin dokin, tsoron maigida ne ke hana su magana, don haka Alhaji, in yaronka ya ce doki yana ɗingishi, tukwici ya kamata, kar a yi masa tsawa.

Dokin da ya daina gudu kuma bai daina amfani ba. Na ga tsofaffin dawakin sukuwa sun koma hawan sallah suna tafiyar ƙasaita da kayan ado, wasu suna koya wa yara hawa, goɗiya kuwa ta haihu. Wanda karayarsa ta wuce gyara, a kira likita ya hutar da shi a turkensa, ya fi masa kwana biyu a mota a kan ƙafa uku.

Kilin nan mun sayo shi, ni da wani abokina manomi, a kuɗin da bai kai na sirdinsa na da ba. Yana gonarsa yanzu, yana ɗingishi, yaransa na hawansa zuwa rafi. Sauran da ke ɗaure tare da shi mota ta kwashe su kafin la'asar. Masu shirya sukuwa, don Allah ku sa likita ya duba kowane doki kafin a buɗe fili, kuma in ya ce wannan ba zai gudu ba, ko wane ne mai shi, a mayar da shi barga.